Wasiƙun da Suke Zuwa wa Judith

A daminar shekarar 1985 Dorkas tana aikin ungozoma a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Malumfashi. Ɗaki biyu aka ba ta a bayan asibitin, nan take zaune ita da Judith, 'yar wanta. Mijin Dorkas ya rasu ba su kai shekara uku da aure ba, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ba ta sake aure ba. Da Judith ta ci jarrabawar shiga sakandare, ubanta Amos ya ɗauko ta daga ƙauyensu da ke gefen Kafur, da akwatinta na ƙarfe da rabin buhun masara, ya ce wa ƙanwarsa ga 'yarta nan. Shekara uku ke nan suna tare. Yarinyar ta kai shekara goma sha biyar, doguwa ce siririya, mai surutu, tana cikin ƙungiyar mawaƙan coci, kuma ko wanke-wanke take yi bakinta ba ya rabuwa da waƙa.

Maganar wasiƙu ta samo asali ne daga wata mujallar Turanci da 'yan ajinsu suke karɓa hannu da hannu har ta yi laushi. A shafinta na ƙarshe akan jera sunayen matasa masu neman abokan wasiƙa, da shekarunsu da adireshinsu. Judith da ƙawarta Shafa'atu suka aika da nasu sunayen. Kafin ta aika sai da Judith ta nemi izinin gwaggonta ta sa lambar akwatin gidan waya na asibiti, Dorkas kuwa ta amince ba tare da wani tunani ba, don malaminsu ya ce rubuta wasiƙa yana gyara wa yaro Turanci.

Wata biyu bayan haka amsa ta zo. Mai rubutun ya ce sunansa Yunis, shekararsa goma sha bakwai, yana makarantar kwana a Kaduna, shi ma ɗan ƙungiyar mawaƙa ne. Ya ce a makarantarsu ana buɗe wa ɗalibai wasiƙa, saboda haka ta riƙa aiko da tata ta akwatin wani kawunsa direba a Funtuwa, shi zai riƙa kai masa. Ya haɗo da hotonsa: yaro ne mai fara'a da farar riga, ya dafa wata tukunyar furanni.

Dorkas ce take ɗauko wasiƙun asibiti duk ranar Alhamis, don haka da hannunta take kawo wa Judith nata. A farko yarinyar takan tarye ta tun daga bakin shinge, ta farke ambulan ɗin tun kafin su shiga ɗaki, ta karanta mata da ƙarfi tana fassarawa. Yunis yakan ba da labarin gadar Kaduna, da jirgin ƙasa, da wani malaminsu mai barci a aji. Dorkas takan yi dariya ta ce yaron nan akwai baki. Wata rana ya saka hankici a ciki, wata rana 'yan kunne na roba. Sannu a hankali Judith ta daina karantawa a fili, Dorkas ta ce a ranta girma ne ya zo, kowace budurwa tana da abin da take ɓoyewa.

Wajen watan Yuli abin ya fara damunta. Judith ta rage cin abinci, tuwo malmala ɗaya sai ta bar rabi. Ta ce maƙogwaronta yana ciwo, ta daina zuwa koyon waƙa. Dorkas ta ja mata fatar ido ta duba ko jini ne ya yi ƙasa, ta taɓa goshinta, ta ba ta maganin zazzaɓi. Ta kuma lura da ita irin lurar ungozoma, ta tabbata ba abin da ta fara jin tsoro ba ne. Amma akwai abu guda da ta kasa fassarawa. Ranar Alhamis in ta dawo daga gidan waya, ba a tarye ta kuma. Takan tarar da yarinyar tsaye a jikin ƙofa ta ƙame, idonta a kan jakar, in aka miƙa mata ambulan sai ta karɓa da sauri kamar garwashi aka ba ta, ta shige ɗaki.

Wata Talata da safe suna shan koko, Judith ta tambaye ta ƙarfe nawa motar farko take tashi zuwa Funtuwa. Dorkas ta ce wa za ta gani a Funtuwa. Yarinyar ta ce ba kowa, wata 'yar ajinsu ce take tambaya, ta miƙe ta ɗauki jakar makaranta ba ta ƙarasa kokon ba.

Ranar Alhamis ɗin makon Dorkas ta fito daga gidan waya da wasiƙa huɗu, uku na asibiti, ɗaya ta Judith. A gindin wata darbejiya ta tsaya ta juya ambulan ɗin a hannunta. Ba ta taɓa kula da hatimin da ake bugawa a kan kan sarki ba, ranar nan ta kula. Funtuwa aka rubuta. Ta yi tunanin in kawu ne yake kai wa yaron wasiƙa Kaduna, ai amsar daga Kaduna ya kamata ta taso. Mai yiwuwa kawun ne ya dawo da ita ya jefa. Mai yiwuwa kuma ba haka ba ne. Ta sa farcenta a bakin ambulan ɗin, ta daɗe a haka. A wurin aikinta ta sha ganin 'yan mata da ake kawowa bayan lokaci ya ƙure, kuma kusan kowacce in ta tambaye ta me ya hana ta faɗa tun da wuri, amsar ɗaya ce, tsoron duka da tsoron tonon asiri. Ta san in ta buɗe wasiƙar nan a kan hanya za ta san abin da ke ciki, amma daga ranar Judith ba za ta ƙara gaya mata komai ba. Ta mayar da ita jaka yadda take.

Ta isa gida da la'asar hadari ya haɗu. Ba ta miƙa wasiƙar a bakin ƙofa ba. Ta ce wa Judith ta ɗauko kuɓewa su yanka, suka zauna a tabarma faifai a tsakaninsu, ruwa ya fara sauka a kan kwano. Sai da suka yi nisa sannan ta ciro ambulan ɗin ta ajiye a gefen faifan.

"Ga ta nan, ban buɗe ba," in ji ta. "Taki ce. Amma na ga tun da wasiƙun nan suka canza, ke ma kin canza. In akwai abin da yake tsorata ki a ciki, ina so mu karanta tare. Ba zan dake ki ba, ba zan kuma mayar da ke ƙauye ba. Ko mene ne."

Judith ta ci gaba da yanka kuɓewa kamar ba ta ji ba. Dorkas ta miƙa hannu ta zare wuƙar ta ajiye. Nan yarinyar ta kifa kanta a cinyar gwaggonta, kuka ya ƙwace mata, irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Dorkas ba ta ce ta yi shiru ba. Ta dai riƙa shafa bayanta har ruwan saman ya tsagaita.

Da kanta Judith ta tashi ta jawo akwatinta, ta ɗaga tsohuwar jaridar da aka shimfiɗa a ƙasansa, ta fito da wasiƙun a ɗaure da zare. Sun haura ashirin. Dorkas ta sa tabarau ta jera su daga ta farko, tana karantawa a hankali, inda Turancin ya fi ƙarfinta Judith ta fassara da murya ƙasa-ƙasa.

Da aka jera su wuri ɗaya, hanyar da mutumin ya bi ta fito fili. Ya fara da yabo, ya ce bai taɓa ganin yarinya mai hankalinta ba. Ya tambayi wa take zaune da shi, yaushe gwaggonta take fita aiki, waye ubanta, wace coci suke zuwa, Judith kuwa ta amsa masa duka da zuciya ɗaya. Daga nan ya ce abin da ke tsakaninsu nasu ne su biyu, kada ta ƙara karanta wa kowa, manya ba sa fahimtar irin wannan. Ya nemi hotonta, ta aika masa da na kayan makaranta. Sai ya fara tambayoyin da babu mai mutuncin da zai yi wa yarinya, game da jikinta. Da ta ƙi amsawa ya yi wata guda bai rubuto ba, sannan ya ce ashe ba ta yarda da shi ba. Tsoron kada ya daina rubutu ya sa ta amsa masa sau biyu. Waɗannan biyun ya riƙe. A wasiƙun baya-bayan nan babu sauran yabo. Ya ce yana da kyamara, ta zo Funtuwa ya ɗauke ta irin hoton da yake so, in kuwa ta ƙi zai aika da abin da ta rubuta wa ubanta da faston cocinsu, ya kuma sa a manna a ƙofar makarantarsu. Ta ranar, wadda Judith ta buɗe da kanta, ta sa rana: Asabar ta sama, ƙarfe goma, a bakin tasha.

Dorkas ta cire tabarau ta riƙe. Rubutun ma da ta dube shi da kyau ba na ɗan makaranta ba ne, irin kwantaccen rubutun tsofaffin akawu ne. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ce ta riƙa ɗauko takardun nan da hannunta, mako bayan mako, tana kawowa har cikin ɗaki tana murmushi. Ta haɗiye wannan, don ba lokacinsa ba ne.

"Ki saurare ni, Judith. Wanda ya rubuta wannan ba yaro ba ne, babban mutum ne, kuma ya san abin da yake yi tun daga takarda ta farko. Ke abota kika nema. Laifin nasa ne, ba naki ba."

"Ai na rubuta, Gwaggo. Da hannuna na rubuta."

"Kin rubuta don ya matsa miki. Ko ni aka bi wa irin wannan hanya ina shekarunki, ban san me zan rubuta ba."

Judith ta roƙe ta don Allah kada Baba ya ji. Dorkas ta ce wannan alkawarin ba za ta ɗauka ba, ba kuma za ta yi mata ƙarya ta ce ta ɗauka ba. Ta yi mata bayani cewa mutumin nan ba shi da wani ƙarfi sai guda ɗaya, wato Amos bai sani ba. Ranar da Amos ya ji daga bakinsu, hannun mutumin ya zama wayam. Ta ce ita za ta je ta faɗa, ba Judith ba, kuma ko da waɗancan wasiƙu biyu da ta rubuta sun fito, ba wanda zai karanta su sai wanda ya zama dole. Ta hana ta ƙona ko ɗaya daga cikin wasiƙun mutumin, ta ce su ne shaida. Ta nannaɗe su a ɗankwali ta sa a nata akwatin ta kulle. Ranar, karo na farko cikin makonni, yarinyar ta cinye tuwonta.

Ranar Asabar da sassafe Dorkas ta bar Judith wajen wata abokiyar aikinta, ta hau motar Kafur, daga nan ta ƙarasa da ƙafa ta tsakanin gonakin dawa. Ta tarar da Amos a gonar auduga yana huɗa da garmar shanu, laka har gwiwa. Da ya hango ta ba ranar da aka saba ganinta ba, ya tsayar da shanun ya taho yana tambayar ko lafiya. Suka zauna a gindin ɗorawa, ta gaya masa komai daga farko, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Amos dattijon coci ne, mutum ne mai kunya da gudun abin magana. Ya riƙa fasa ɓurɓushin ƙasa da yatsunsa. Da ya buɗe baki, abin da ya fara cewa shi ne boko ya isa haka, gobe zai zo ya ɗauki 'yarsa. Dorkas ta ce masa in ya yi haka ya hukunta wadda aka cuta, ya bar wanda ya yi cutar yana neman wata. Ta ce yarinyar nan ta yi wata biyu ba ta barcin kirki, ba don tsoron mutumin ba, don tsoron fuskar ubanta ne.

"Yaya, ba ta je ba. Ta faɗa kafin ta je. Yara nawa ne suke iya wannan?"

Amos ya dubi shanunsa da suka fara cin ciyawar kunya. Ya share fuskarsa da hularsa. Can ya ce, "Tana cin abinci kuwa?"

Tare suka komo Malumfashi da azahar. Judith tana ganinsa ta durƙusa a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Amos bai iya dogon jawabi ba. Ya kamo hannunta ya tashe ta, ya ce ta rame, ya ciro ɗanyar masara shida daga buhunsa ya ce ta gasa musu. Suna ci ya gaya mata, yana kallon masarar ba ita ba, cewa ko an manna takardun nan a kasuwar Malumfashi, ita 'yarsa ce, zai kuma tsaya a gaban coci ya faɗi haka. Kafin ya koma ƙauye ya biya gidan fasto da kansa ya sanar da shi, don kada wata takarda ta riga shi.

Ranar Litinin Dorkas ta je wajen shugabar makarantar su Judith, Hajiya Maijidda, mace ce mai zafi da ɗalibai suke tsoro. Dorkas ta shiga ofishin tana fargabar za a ce za a kori yarinyar. Hajiya Maijidda ta karanta wasiƙa uku, ta tashi ta rufe ƙofa, ta tambayi su waye kuma suka aika da suna wa mujallar nan. Ba ta tara makaranta ba, ba ta kira sunan kowa a fili ba. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kiran yaran, kamar maganar jarrabawa za ta yi musu. Kafin Laraba ta gano uku. Ɗaya daga cikinsu Shafa'atu ce, wadda suke zama benci ɗaya da Judith. Ita an ce mata sunansa Shitu, ɗan makarantar Zariya, mai son karatun Alƙur'ani. Rubutun ɗaya ne, lambar akwatin ɗaya, hoton ma shi ne dai yaron nan mai farar riga da tukunyar furanni. Wata biyu ƙawayen nan suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu iri ɗaya.

Malam Lawal, uban Shafa'atu, mai sayar da taki ne a kasuwa. Shi da Amos ba su taɓa haɗuwa ba sai a ofishin Hajiya Maijidda. Daga can suka wuce caji ofis tare, Dorkas tana biye da ƙunshin wasiƙun. Wani Sajan Manu ne ya saurare su. Da farko ya so ya ɗauki abin wasan yara, sai da Dorkas ta shimfiɗa masa takardun yara huɗu a kan tebur, ta nuna masa rubutun da hatimin da ranar da aka sa, sannan ya gyara zama ya ɗauko biro. Ta roƙe shi abu guda, kada a kai ko ɗaya daga cikin yaran Funtuwa, ko da sunan tarko. Ya ce ba a bukata, lambar akwatin ta isa.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, Dorkas ta ɗauki hutu ta zauna gida. Ta kwance wa Judith kitso ta wanke mata kai, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana yi mata sabo. Da ƙarfe goma ta yi, ta ji jikin yarinyar ya sandare. Ta ci gaba da tsaga gashin tana shafa man kaɗanya, tana ba ta labarin wata mata da ta haifi tagwaye a cikin amalanke a hanyar Tsiga.

Sai bayan la'asar Amos da Malam Lawal suka dawo daga Funtuwa, inda suka bi 'yan sanda. A tsakar gida Amos ya ba Dorkas labari. 'Yan sandan Funtuwa sun riga sun gano mai akwatin tun Alhamis. Mai shagon ɗaukar hoto ne a bayan tasha, ya haura shekara arba'in, yana da mata da 'ya'ya, har da furfura a gemunsa. An same shi a bakin tasha da ƙarfe goma yana duba motocin Malumfashi. A shagonsa an tarar da kwali cike da wasiƙun yara daga garuruwa daban-daban, an kuma ga tukunyar furannin nan a kusurwa. Yaron da ke cikin hoton wani ne da ya taɓa zuwa ɗaukar hoto shekarun baya, bai san komai ba. Amos ya ce da ya ga mutumin, Malam Lawal ne ya riƙe masa hannun riga har aka sa mutumin a mota.

Shari'ar ta ɗauki watanni. Hajiya Maijidda da Dorkas ne suka riƙa zuwa, aka kuma taimaka ba a ambaci sunayen yaran a bainar jama'a ba. A ƙarshe an ɗaure shi. Magana ta ɗan zaga gari duk da haka, kamar yadda takan zaga, wasu mata a coci suka riƙa kallon Judith ta gefen ido na 'yan makonni. Dorkas takan zauna kusa da ita a benci, ta mayar wa kowacce kallonta har ta kawar da kai.

Abin da Dorkas ba ta zata ba shi ne, bayan tsoro ya wuce, wani baƙin ciki ya biyo baya. Wata rana da yamma suna tsince shinkafa Judith ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Gwaggo, na san babu shi. Amma wani lokaci in abu ya faru a makaranta, sai in ji ina so in gaya masa. Shi na farkon, mai labarin jirgin ƙasa. Wannan ba hauka ba ne?"

Dorkas ta ce ba hauka ba ne. Ta ce abin da Judith ta ji gaskiya ne ko da wanda ta ji dominsa ƙarya ne, kuma mutum yana iya kewar abin da bai taɓa kasancewa ba. Ta gaya mata ita ma bayan rasuwar mijinta ta yi shekaru tana kewar 'ya'yan da ba ta haifa ba, har suna ta raɗa musu a ranta. Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba. Judith ta ɗago ta dube ta, ta matso kusa har kafaɗarsu ta haɗu, suka ci gaba da tsintar.

Hajiya Maijidda ta nemi Dorkas ta riƙa zuwa makaranta sau ɗaya a zango tana magana da 'yan mata. Ba ta iya lacca ba, takan zauna a kan tebur ne ta yi musu hira. Takan ce duk wanda ya ce kada ki gaya wa kowa, to shi ne wanda ya kamata ki fara faɗa. Takan ce wadda ta riga ta rubuta abin da take jin kunyarsa, ko ta aika da hoto, ƙofarta a bayan asibiti take, ba a duka a can. A zangon farko yara biyu suka zo. Shafa'atu kuwa ta mayar da gidan kamar nasu, ranar Asabar takan zo su yi bitar lissafi, su ƙare da gardama a kan wa ya fi iya dambu.

Lokacin da aka fara cirar auduga, wani direban motar Kafur ya tsaya a bakin asibiti ya miƙo wa Dorkas takarda a ninke huɗu, an rubuta sunan Judith a bayanta da fensir. Dorkas ta gane hannun. Amos a ajin yaƙi da jahilci ya koyi rubutu, yana da 'ya'ya uku a lokacin, kuma in ba sa hannu a takardar taki ba, ba ta taɓa ganin ya rubuta komai ba. Ta kai wa Judith a madafa ta ce daga gida ne.

Layi bakwai ne, haruffan manya-manya, sun karkace zuwa ƙasa. Ya ce jar saniya ta haihu, mace. Audugar bana ta yi kyau, sai dai ta gefen rafi tsutsa ta taɓa. Ƙaninta Sulemanu ya faɗo daga jaki, bai ji ciwo ba, jakin ne ya gudu. Innarta tana gaishe ta. In an yi hutu ta zo da wuri. Ta riƙa cin abinci.

Judith ta karanta a tsaye, ta sake karantawa da ƙarfi, ta yi dariya a wajen jakin har ta dafa bango. Ta nuna wa Dorkas inda Baba ya rubuta saniya da harafi biyu a juye. Sannan ta tambaya ko direban zai koma yau. Dorkas ta ce sai ya gama lodi, wajen ƙarfe huɗu. Yarinyar ta sauke tukunyar daga wuta, ta goge hannunta a zani, ta shiga ɗaki neman takarda.